Gilashin da Ya Kalli Gabas

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da famfon unguwarmu, can bakin hanyar da ke fita Droum. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu, mai unguwa ya sa baki aka ba ni makullin. Duk wanda ya san Damagaram ya san ruwa ba abin wasa ba ne a garin nan. Da famfon nan na ci da gidana, da shi na aurar da 'ya'ya biyu.

Sai wata bazara 'yan poroje, masu aikin tallafin nan na ƙasashen waje, suka kawo mana na'ura. Akwatin ƙarfe ne mai gilashi a gaba, kamar na babbar salula. Ka kara katinka, ka taɓa hoton bido, wato jarka, ɗaya ko biyu, ruwa ya zubo. Aikina ya koma gadi da nuna wa mutane inda za su taɓa. Shugaban biro, wato ofishin da ke kula da ruwa, bai ɓoye mini ba: in ta lalace a hannuna, aikina ya ƙare.

Wanda ya zo kafa ta wani teknisiyan ne dogo mai farar riga, wanda ko gaisuwa zai yi ba ya cire baƙin tabarau. Tun ranar farko jinina bai haɗu da nasa ba, kuma har yau ban ga abin da zai sa in sake ra'ayi ba. Ina zaune ina kallo ya juya gilashin ya fuskanci titi.

Na ce, "Ɗana, gabas fa ka sa ta kallo."

Ya ce, "To sai me, Tanti?"

Na ce, "Ta can hadari ke tasowa. Dubi bangon gabas na kowane gida a unguwar nan, shi ake sake yaɓewa kowace shekara."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Wannan an gwada ta a ƙasar da ake ruwa kullum. Ruwa ba ya shigarta. Plan ɗin da aka zana mana ya ce ta kalli titi. Ke dai ki ji da tsintsiyarki, Tanti."

A gaban matan unguwa ya faɗa mini haka, ni da na haifi sa'ansa. Na haɗiye, saboda ina son aikina.

Damina ta sauka. Ruwanmu ba ya daɗewa, amma da iska yake zuwa, a kwance, kuma fuskar gilashin nan yake fara mari. Da ɗigo ya zauna a kai sai na'urar ta ɗauka yatsa ne, ta buɗe famfo da kanta, ruwa ya yi ta kwarara a ƙasa ina ihu. In kuma mace ta zo da jiƙaƙƙen hannu, ta taɓa ta sake taɓawa, shiru. Layi ya kai har bakin masallaci. Masu ga-ruwa suka mai da ni abin zagi, kamar ni na ƙera ta. Na buga wa teknisiyan waya sau uku, ya ce mutanenmu ne ba su waye ba.

A nan na yi nawa kuskuren, ba zan ɓoye ba. Na samo leda mai kauri na naɗe akwatin ruf, na ɗaure da igiya. Kwana uku ana ruwa da safe, rana ta buɗe da azahar. Da na kwance ledar sai na ga gumi ya taru a cikin gilashin ta ciki, kamar marfin tukunya. Hoton bido biyu, wanda ke kusurwar ƙasa, ya daina amsawa gaba ɗaya. 

Sai na yi abin da na ga mahaifiyata tana yi wa rumbu a Garagumsa. Na kafa zana ta gabas, taku ɗaya daga akwatin don iska ta ratsa, na ɗora ɗan rufin ciyawa a sama. Na rataye tsumma mai tsabta a ƙusa, na kafa doka: kowa ya zo, "Goge hannunki tukuna." Mata suka yi ta tsokanata da kalmar har a gidan suna. Amma gumin ya bushe, famfo ya daina buɗe kansa, layi ya ragu. Kusurwar nan kaɗai ce ba ta dawo ba, mai son bido biyu sai ya taɓa ɗaya sau biyu.

Ana haka teknisiyan ya dawo a motar biro, wai baƙin da suka ba da na'urar za su zo gani. Bai ko rufe ƙofar mota ba ya fara.

"Wa ya kafa wannan rumfar masu tsire a kan aikina?"

Na ce, "Ni ce. Tun da na kafa ta ba ta sake haukacewa ba. Tambayi kowa."

Bai tambayi kowa ba. Ya yi ta danna gilashin har ya kai kusurwar da ta mutu, ya juyo ya ce me na yi mata. Da na yi shiru da babu mai tona ni, matan nan duk nawa ne. Amma ban iya ƙarya ba, na gaya masa zancen leda. Na ga daɗi ya kama shi, wallahi na gani a bakinsa. Ya ɗauki hoto, ya ce zai rubuta rapor, wato rahoto, ya kai biro, zana kuma kada ta kai la'asar.

Da hannuna na tumɓuke ta. Baƙi suka zo, suka taɓa gilashi da busasshen hannu, aka yi tafi. Bayan kwana biyu hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Na tsaya a gaban akwatin na ba iska baya, na baza mayafina da hannu biyu, ni da shekaruna, ruwa yana dukana har ya ɗauke. Bai hana komai ba. Washegari gilashin ya yi baƙi, bai sake kamawa ba.

Rapor ya ce leda ce ta kashe ta. Ba a ambaci gabas ba ko sau ɗaya. Shugaban biro ya karɓi makullin bai ko ɗaga kai ya dube ni ba. Yanzu ƙuli-ƙuli nake soyawa a ƙofar gida, kuma ban yafe wa mai farar rigar nan ba. Malamai sun yi mini wa'azi, na ji, ban yafe ba.

Da kaka aka kawo sabuwar na'ura. Yamma take kallo, da rumfar kwano a kanta, da ɗan bangon bulo ta gabas, daidai inda ramukan zanata suke. An sa wata yarinya gadi, an ce 'yar uwar matar teknisiyan ɗin ce. Ranar da na fara zuwa da katina da bidona, na miƙa yatsa ke nan sai ta tare ni, ta nuna mini wani tsumma a jikin ƙusa.

Ta ce, "Inna, goge hannunki tukuna. Haka teknisiyan ya koya mana."