Tsutsar da Ba Ta Cikin Littafina

Shekara ashirin da ɗoriya ina malamin gona tsakanin Lausu da Durba, da difilomata da babur ɗin gwamnati. A lokacin in manomi ya ga abin da bai gane ba a gonarsa, ganyen yake tsinkowa ya sa a aljihu, bayan la'asar ya ajiye min a kan tabarma a ƙofar gida. Ba sai ya yi bayani ba. In juya ganyen, in shinshina, in faɗi magani. Kai, na sha zamanina, har da 'yar taƙama.

Sai wata tsutsa ta shigo wa masara. Ba mu taɓa ganin irinta ba, can cikin zuciyar shuka take shigewa, ta bar kashi kamar dussa. Wani ɗan ƙanen mahaifina daga Madachi ya kawo min ganye duk huji. Na bincike littattafan da na kwafa da hannuna a kwaleji kaf, babu ita. To ina ruwan tsutsa da manhajarmu, tare muka yi makaranta? Girman kai ya hana ni sallamarsa hannu rabbana, na ba shi maganin tsutsar kara da aka koya mana. Sau uku yana feshi. Masarar nan ko ta gasawa bai samu ba.

Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Gaisuwa kawai ya gajarta, labari kuma ya zaga. Mutane suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan ɗora wa kowa ba. Ana yin kwas na ƙaro ilimi a Kano, ba a cika tuna mu na ƙauye ba, amma ni ma ban nema ba. Gani nake wanda ya riƙe takarda ya gama. Ashe iri ya sauya, damina ta sauya, wasu magungunan da na haddace an daina sayar da su, ni kuwa ina nan inda malamaina suka ajiye ni. Yanzu kasuwar Rano ake zuwa, mai shagon magani ya ɗauki hoton ganye a waya, ya miƙo kwalba. Na yi ritaya, amma har yau ina shimfiɗa tabarmar bayan la'asar, ni kaɗai. Kaɗaicin yana damuna, ba na ɓoyewa.

Daminar bana wani tsohon abokina Bafulatani, da ya zaunu ya haɗa kiwo da noma, ya yi sallama.

"Malam, taimako na zo nema," ya ce.

Wallahi har na gyara zama, na gyara hula. Sai ya zaro kwalba daga aljihu.

"Murfi nawa ake zubawa a tankin feshi? Mai shagon ya gaya min na manta, rubutun kuma Turanci ne."

Na karanta masa, murfi biyu. Ya miƙe, ya sa takalmi, sai ya dubi fuskata ya dakata.

"Amma mai kyau ne ko, Malam?"

Na san don ya faranta min ya tambaya. Na sake kallon sunan maganin.

"Alhaji, yau na fara ganinsa," na ce.

Ya mai da kwalbar aljihu, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya tafi. Har aka kira magariba ban tashi ba, kuma babu wanda zan iya gaya wa.