Bayan Keken Baba

Shekarar da mijina ya sayi mota, ya ce zai kai ni ganin gida da kansa. Muka baro Yamai da safe, muka ratse daga babbar hanyar Filinge muka kama ƴar siririyar da ke shiga garinmu. Ƙarshen damina ne, gero ya fi motar tsawo, hanyar kuma sai lanƙwasa take tsakanin gonaki, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka iso kansa.

A wata kwana muka tarar da mai keke, ya ɗauro harawa har ta rufe masa baya. Mijina ya danna oda, ya sake dannawa. Mutumin ya yi ƙoƙarin kaucewa, ƙafar keken ta nutse cikin rairayi, ya kife gefen gona. Mijina ya taka birki, ya leƙa ta taga.

"Tsoho, hanyar nan ba taka ba ce kai kaɗai."

Tsohon ya ture harawar ya miƙe. Babana ne.

Na ja mayafi na rufe fuska. Mijina ya fita, ya cire takalmi a tsakiyar hanya, ya durƙusa. Baba ya karkaɗe rigarsa, ya ɗora hularsa.

"Kun zo lahiya? Ina gajiyar hanya?"

"Baba, ban gane ka ba."

"Ba komi. Kama mini nan in ɗaure."

Suka ɗaure harawar tare. Na ga jini a ƙaurin Baba, na kasa ko gaishe shi. Mijina ya roƙe shi ya shiga mota, ya ce a'a, kekensa lafiya lau yake. Ya hau ya ci gaba.

Mu kuma muka bi shi a baya. Mijina ya kasa wuce shi. Baba kan miƙa hannu ya yi mana alamar mu wuce, motar dai na rarrafe a bayansa. Inda rairayi ya yi yawa ya sauka ya tura, mu ma mu tsaya. Wani mai amalanke ya cim mana, ya jera a bayanmu yana tambayar ko motar ce ta lalace. A haka muka shiga gari, mata a bakin rijiya suna kallonmu.

Inna ta ga ƙafar Baba, ta tambaya. Baba ya ce rairayi ne ya kayar da shi, ya sa aka kama zakara saboda baƙi. Mijina bai iya cin ko loma uku ba. Ni ma ina ɗakin Inna, kowa ya shigo gaishe ni sai in ji kamar ya sani.

Da za mu koma, Baba ya raka mu har bakin gari yana ɗan ɗingishi, ya sa a zuba mana wake a bayan mota. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu.