Sheƙar da aka yi wa shimfiɗa da gashin 'yata

Shekarar da muka bar gidan haya na Wendover muka koma garin McLeansville, duk a nan Amurka, a bayan gida nake yi wa 'yata kitso. A farkon watan Yuni, wata safiyar Asabar, na tsefe mata kai na taje, na dunƙule gashin da ya zube na ajiye kusa da ƙafata don in binne. Haka Innata ta koya mana, wai idan tsuntsu ya yi sheƙa da gashin mutum, ciwon kai ba zai rabu da shi ba.

Ina cikin kitso sai wata 'yar tsuntsuwa rawaya ta sauko, ba ta fi babban yatsana da yawa ba, da baƙin zane a haƙarƙarinta, tana ta kaɗa wutsiya. Kafin in ce kai, ta figi gashin ta shige wani ƙaramin itace a bakin shinge.

Bayan 'yan kwanaki yarinya ta ce kanta na ciwo. Sai na tuna maganar Innata. Na san babu mai cutarwa sai da ikon Allah, amma uwa uwa ce. Na kira Hajiya, wata dattijuwa 'yar Nijar da muke zuwa masallaci tare.

"Ke ma da sakaci! Ki sauke sheƙar ki ƙona. Ko a Amurka, tsuntsu tsuntsu ne."

Na ɗauki tsintsiya na nufi shinge. Da na leƙa sai ga ƙwai huɗu, farare da ɗigo-ɗigon ja, kwance a kan gashin 'yata, an nannaɗe shi tsaf kamar gammo. Mijin tsuntsuwar yana can bisa yana wani siririn kuka mai hawa sama-sama. Na ajiye tsintsiyar, na bar sheƙar a wurinta. Na koma ciki na yi wa yarinya addu'a, na shafa mata kai.

Ta zabura. Da Turanci ta yi magana, kamar kullum: "Mama, kitson ne! Kin ja da yawa, ko gira ba na iya motsawa."

Na warware shi nan take. Kafin la'asar tana tsalle a ciyawa.

Daga nan kullum bayan sallar asuba sai mu zauna a bakin ƙofa da shayinmu. Ƙwan suka ƙyanƙyashe. Uwa da uba suna ta kai da kawowa da korayen tsutsotsi, geron da na watsa musu kuwa ko kallonsa ba su yi ba. Ina tasbihi, 'yata tana ƙirga zuwansu.

Ranar da Hajiya ta zo ganin yarinya, ban ɓoye mata ba, na kai ta bakin shinge. Ta gyara gilashinta, ta daɗe tana kallon bakuna huɗu a wangame.

"Masha Allah," ta ce a hankali. Sai ta juya wajen 'yata. "Ke, ashe gashin nan naki da ba ya jin mataji yana da rana. Ku matsa baya, kada uwarsu ta ji tsoro."