Girkancin Yaya Sabi'u

A unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira na taso, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da Baba ya kama haya lokacin yana karatu. Kaka, mahaifiyarsa, ta zo daga Zinder neman maganin ido, sai ta zauna. Idan sanyin Alƙahira ya shigo, bayan isha'i takan hura gawayi a kasko, mu kewaye ta.

Yayana Sabi'u kuwa tsohon Girkanci yake karantawa a jami'a. Burinsa ya koyar da nahawunsa a makaranta, kuma ni ce ɗalibarsa ta fari. Yakan zaunar da ni gefen kaskon: "Yalla, Hafsatu, maimaita. Luo, luwes, luwe. Ina kwancewa, kana kwancewa, yana kwancewa."

Kaka ta ce, "Angona, su wa ke wannan yaren?"

"Sun mutu tuntuni, Kaka."

"To, matso ka ji wata."

Ta ba mu labarin wani saurayi da ya ƙware a harshen wani gari na ƙetaren kogi. Uwarsa ta roƙe shi ya zauna, ya ce sai ya ji harshen a bakin masu shi. Ya haye, ya yi ta sallama ƙofa ƙofa, ba mai amsawa. Da ya juyo, kogi ya cika. Yana hango hayaƙin girkin uwarsa, ba hanya.

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. "Da ni kike, ko?"

Ya gama karatu a 2014. Duk makarantar da ya je, sai a ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, ba mai son wannan darasi, balle daga bakin baƙo. Wata Juma'a ya ce zai je Iskandariya wajen aboki. Daga baya abokin ya kira Baba yana kuka: Yaya ya shiga kwalekwalen masu ƙetare teku. Har yau ba labarinsa.

Kaka ba ta ƙara yin tatsuniya ba. Sai dai ta ce, "Hafsatu, yi min karatun nan nasa." In yi, tana share hawaye da bakin mayafi, ba ta fahimtar ko kalma. Ta rasu a shekarar da ta biyo baya.

Na daɗe ina ɗauka zolayarsa take yi a labarin nan. Sai da na haifi nawa ɗan na gane roƙo ne. Ta hango tafiyarsa kafin kowa, ta rasa yadda za ta riƙe shi, mu kuwa muna ta dariya.