Uwar Wasiƙu, Wadda Ta Ƙi Kujera

Haihuwa da karatu

An haife ta a shekarar 1958, a wani gari da jirgin ƙasa kan tsaya sau biyu a mako. Mahaifinta mai duba tikiti ne a tashar, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ta shiga firamare a 1965, ta kammala sakandare a 1976, malamanta kuma sun shaide ta da kyawun rubutu da rashin iya zama wuri guda.

Aiki da aure

A 1977 aka ɗauke ta aiki a gidan waya, ɗakin rarraba wasiƙu, inda ƙamshin takarda da danƙo kan bi mutum har gida. Wani mai gyaran agogo da ke tsallaken titi ya shiga aiko mata da wasiƙa kowace Litinin, alhali taku talatin ne kacal tsakaninsu, ita ce ma ke buga musu hatimi da hannunta tana danne dariya. An ɗaura aurensu a 1980, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu.

Jarrabawa

A 1998, auta tana da shekara uku, likita ya tabbatar mata da sankarar mama. Aka yi tiyata aka cire na hagu, allurai suka zubar da gashinta, ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta. Ba mutuwar ce ta fi tayar mata da hankali ba, illa yarinyar nan ta tashi ba ta san fuskar uwarta ba. Ranar sallama likita ya ce, "Magani ya yi nasa, saura naki. Ki riƙa tafiya a ƙasa kullum, kada ki bari a mayar da ke kayan ɗaki."

Kayan ɗakin kuwa aka so mayar da ita, duk don ƙauna. A gida ko kofi ba a barinta ta ɗauka, a ofis kuma shugaba ya sa aka kawo mata kujera mai laushi gefen taga. Kwana tara ta yi a kanta, a na goma ta nemi a ba ta rabon wasiƙu gida-gida.

"Haba, aikin da samari ke gudu?" in ji shugaban.

"Yallaɓai, su suna da sauran lokacin zama. Ni kujerar nan kwantar da ni za ta yi."

Da aka ba ta aikin, maigidanta ya ɓoye takalmanta a bayan agogan shago don kada ta fita. Ta same shi ta ce, "Malam, agogon da ya tsaya, ajiye shi kake yi ko murɗa shi ya ci gaba da tafiya?" Sai ya miƙo takalman, ya ɗinke wa jakarta faffaɗan maɗauri don kafaɗar dama.

Shekarun tafiya

Satin farko titi ɗaya take yi, ta jingina da bango tana haki. Kafin shekara ta zagayo tana gama unguwanni uku kafin azahar, har mutane suka laƙaba mata Uwar Wasiƙu. Matan da suka sha irin jinyarta suka fara jiranta a bakin ƙofa, ba don wasiƙa ba, sai don su taka mata zuwa kwanar titi ta gaba. Ta yi ritaya a 2012, lokacin da aka rage rubuta wasiƙa jakar ta koma ba nauyi, amma ba ta fasa fita da sassafe ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2023, tana da shekara sittin da biyar, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta da nasaba da sankara. An yi jana'izarta a ranar, aka binne ta kusa da iyayenta. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babban ɗa, direban jirgin ƙasa, mai bi masa, malamar makaranta, na uku, wanda ya gaji shagon agogo, sai auta, mai shekara ashirin da takwas, wadda ita ce ta rufe mata ido, goye da tata 'yar. Allah ya kai haske kabarinta.