Ɗigo Uku na Shuni a Dalar Yaya Baiwa

Duk wanda ya taɓa kai shinkafa inji a Argungu ya san buhun yayata Baiwa. Ɗigo uku na shuni take yi masa a kusa da baki. Shekara ashirin da shida tana turara shinkafa tana kaiwa casa, kuma tun ranar da aka musanya mata buhu biyu da na wata, ta daina yarda da kowa. Kwanonta da ɗigo uku, tabarmarta da ɗigo uku, har akuyarta ba ta tsira ba. Muna yi mata tsiya cewa da hali da mu ma ta ɗiga mana a goshi.

Da wannan shinkafar ta biya kujerar Makka, shekarar da ni ma na biya tawa da albashin koyarwa a Birnin Kebbi. Kafin tafiya na raka ta wurin wani ɗan canji a bakin kasuwa. Ta mai da yawancin guzurinta riyal don abinci, ta kuma karɓi takarda biyu ta dala ɗari-ɗari, sababbi fil. Waɗannan na hadaya ne, wato ragon da za a yanka mata, kuma lissafinsu daidai wa daida yake, babu rara. Na ce ta bari mu biya tun daga gida kamar yadda wasu ke yi, ta ce ita ba ta sayen rago da ido rufe. Na ƙyale ta, don gardama da Yaya Baiwa ɓata yawu ne.

Ni kam tun a Madina na biya tawa hadayar, sauran kuɗin kuma na zuba su a abaya da turare da carbi. Ita ko dabino ba ta saya ba. Sai ranar biyar ga watan Hajji, a Makka, ta kwance lalitarta ta ce mu je canji.

Mai canjin ya ɗaga takardar sama, ya dube ta, ya turo ta ta ƙarƙashin gilashi yana girgiza kai. Na karɓa na duba. Ɗigo uku na shuni, a kan fuskar Baturen da ke jiki. Ɗayar ma haka.

"Yaya, mi kinka yi haka?"

"Mu shidda muke ɗaki guda. In anka musanya mini hwa?"

Wallahi raina ya ɓaci, har na ce mata dala ba buhu ba ce. Har yau ina nadamar wannan magana.

Shago bakwai muka shiga cikin ranar nan mai ƙuna. Wani ko taɓawa bai yi ba. Wani ya yi dariya. Na ƙarshe ya rubuta mana a takarda cewa zai ba da riyal ɗari biyar a kan duka biyun, alhali rago ya haura ɗari bakwai. Abin da ya rage a jakata riyal sittin ne, nata na abinci kuwa bai kai ɗari ba, ga sauran kwanaki a gaba. Muka koma masauki, ta shige banɗaki da sabulu. Ina jin ƙarar famfo ina roƙonta ta bari. Da ta fito, shunin ya bazu ya rine rabin takardar. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar yayata ba sai ranar.

Na ce zan gaya wa matan ɗakinmu a yi karo-karo, ko in sayar musu da abayoyina. Ta riƙe min hannu gam, ta ce in na buɗa baki ba ni ba ita. Wadda ta yi wa kuɗinta alama don gudun 'yan ɗaki, da wane ido za ta karɓi nasu?

Wurin Malam Muhyiddeen, malamin tawagarmu, kawai ta yarda mu je. Ya saurare ta, ya ce wanda bai sami abin hadaya ba sai ya yi azumi goma, uku a can, bakwai in ya koma gida. Ya dubi shekarunta ya tambaye ta ko za ta iya. Ta ce wadda ta saba tsayuwa gaban tukunya tun hantsi ba za ta kasa ba.

Ta yi ukun nan. A na ƙarshe, kan hanyar Mina, sau biyu ƙafafunta suna sagewa, leɓɓanta sun tsage, ni ina riƙe da ita da gorar ruwa a hannu, ina kuka ina cewa ta sha. Ba ta sha ba sai da rana ta faɗi.

Ranar da muka iso Argungu, gidanta ya cika maƙil. An dafa shinkafa tukunya huɗu, an soya kifi, maƙwabta sai shigowa suke ana Hajiya barka da sauka. Babbar 'yarta ta durƙusa ta ajiye mata kwano a gaba, ta ce Inna bisimilla. Yaya Baiwa ta mai da murfin ta rufe.

"Ku ci, ɗiyana," ta ce. "Ni ban gama aikin Hajji ba tukuna."