Hular da Na Saƙa da Tsinken Tsire

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, amma in ka shiga unguwarmu a Tasawa ka tambayi gidan Madam, sai an ce maka wace Madam ɗin. Ka ce mai saƙa, yanzun nan a nuna maka ƙofa. Tun ina budurwa na koyi saƙa a wurin koyar da mata sana'a, kuma tun daga ranar hannuna bai san zaman banza ba. A gidan suna ina saƙa, a layin likita ina saƙa, gidan gaisuwa ne kawai nake danne zuciyata in bar jakar a gida. Mai gidana yakan ce da ana saƙa tuwo, da iyalinsa sun fi na kowa ƙiba a garin nan.

Ranar kasuwa wurin masu bosho, 'yan gwanjo, nake nufa, in tsugunna in yi ta tona tsofaffin rigunan sanyi. In na samu mai kyau sai in warware ta, in wanke zaren, in rataye shi da ɗan dutse a ƙasa har lanƙwasar ta miƙe. Kowane ɗan zoben zare da ke kan tsinken saƙa, ido muke ce masa. Hular jariri ido sittin da huɗu nake ɗora mata, kuma ban taɓa saƙa wadda aka dawo mini da ita ba. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba.

Ɗiyata ta fari ce kaɗai ban taɓa saƙa wa komai ba. Kowa ya san yadda ake da ɗan fari: ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, in ta yi kuka sai in kau da kai har wata ta ɗauke ta. Da aka yaye ta yayata ta tafi da ita Kona, ba ta dawo ba sai da ta isa shiga lakwal, kuma cikin ikon Allah ta faɗo ajina. A nan ta ji yara suna ce mini Madam, ita ma ta kama, har ta yi aure ba ta sake ba. Ni kuwa in zan kira ta sai in ce "ke". Kada wani ya ce ba na sonta. Ina sonta har ina jin ciwon abin a ƙirjina, hanyar faɗa ce ba a ba ni ba.

An kai ta wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Da ta zo mana gaisuwar sallah, na ga yadda ta zauna da yadda ta toshe hanci da aka buɗe tukunyar miya, na gane juna biyu gare ta. Da ta tafi na aika Maraɗi aka sayo mini sabon zare fari mai laushi, irin wanda ban taɓa saya wa kaina ba. Tsofaffinmu ba sa son a yi tanadin kayan jariri kafin ya zo, suna cewa gaggawa ce, ana shiga gaban Allah. To amma saƙa ba yini ɗaya ba ce. Sai na kama aiki, duk wanda ya tambaya in ce na maƙwabta ne. Mai gidana ya dubi farin zaren, ya dube ni, ya ce lallai maƙwabtan nan sun yi sa'a bana.

Hula, riga, safa da ɗan bargo, duk na gama na ninke a ƙasan akwati. A lissafina sauran wata biyu, kuma kafin nan za a kawo ta gida ta haihu a gabanmu kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

Wata safiya cikin tsananin ɗari ina shanya zare, wayar mai gidana ta yi ƙara. Surukinmu ne. Na ga ya tashi tsaye yana ta cewa "to, to". Da ya ajiye ya ce:

"An sauka, amma lokaci bai yi ba. Namiji ne, bakwaini. An kai su gidan likita Mayahi."

Abin da ya fara zuwa raina shi ne akwatin nan. Na ce shi ke nan, ni na jawo, da shegen hannuna da ba ya jin magana. Na faɗa masa haka. Ya ce in bar wannan magana, zare zare ne, in ɗauko kayan mu tafi tasha. A ka'ida ƙanwata ko wata aminiya ya kamata in tura, ni in zauna gida ina jiran labari kamar abin bai dame ni ba. Ban ko tsaya tunanin ka'ida ba, na yafa mayafi.

Da muka isa, kunyar ta dawo mini a bakin ƙofar ɗakin masu haihuwa. Na kasa shiga. Na samu gindin bishiyar bedi a tsakar gidan likitan na zauna kusa da uwar mijinta, wata dattijuwa mai kirki da ta kwana biyu ba barci. Ungozomar da ke kula da su ta fito, doguwa, mai maganar gaggawa. Ta ce yaron yana numfashi da kansa, amma babban abokin gabansa sanyi ne. Za a ɗaure shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ba a baya ba, kuma dole a rufe masa kai, don ta nan ɗumi yake gudu. Ta tambaya ko mun zo da hula.

Na zaro tawa da ɗan taƙama na miƙa. Ba a jima ba ta dawo da ita a hannu.

"Madam, wagga hula ta haɗiye shi har haɓa. In na sa mashi ita, hanci za ta toshe. Babu ƙarama?"

Ta juya hular ta nuna mini ɗinkin baya, inda nake haɗa bakin saƙar biyu. Ta ce ko da ta yi daidai, wannan ɗinkin zai goge masa fata, fatar ba ta yi ƙwari ba. Shekara arba'in ina saƙa, yau ga wata sa'ar ɗiyar cikina tana nuna mini aibin hulata, kuma gaskiyarta. Na ji haushi, na ji kunya, na karɓa.

Uwar mijin ta taɓa ni a hankali ta ce:

"Hajiya, ki bari dai a ga abin da Allah za shi yi. Kar ki wahal da kanki. A naɗe shi da tsumma har a ga kwana bakwai."

Na san abin da take nufi, kuma ba da mugunta ta faɗa ba. Ta binne nata biyu, ta koyi kada ta sa rai da wuri. Amma ban yarda ba. Na ce mata in kwana ɗaya Allah Ya rubuta masa, to zai yi shi da hula a kansa.

Hular da ba ɗinki a zagaye ake saƙa ta, da gajerun tsinkuna guda biyar, ni kuwa dogaye biyu na zo da su, masu kauri. Na duba jaka, na duba hagu da dama. Can bakin ƙofar gidan likita hayaƙi yana tashi, wani mai tsire yana jera nama. Na je na ce ya ba ni tsinke biyar. Ya fara zaɓo mini masu kitse.

"Ba nama nika so ba, tsinken kawai."

Ya dube ni kamar wadda ta kwance. "Hajiya, tsinke babu nama? Mi za ki yi da shi?"

"Hula."

Bai ƙara tambaya ba. Ya zaɓo sababbi masu santsi ya ba ni, ya ce Allah Ya ba da lafiya, ina jin ni yake yi wa addu'ar. Na kankare su da reza, na goge da dutse, na wanke da sabulu har sau uku. Duk da haka ƙamshin ƙuli bai bar su ba.

Sauran awo. Ban ga yaron ba, ban san girman kansa ba. Na aika a tambayi ungozoma, sai ta leƙo ta ce mai jegon ta ce a faɗa wa Madam ta shigo ta auna da kanta, ita ba ta iya aike ba. Na ji muryarta a cikin saƙon, taurin kan nan nata da na san inda ta gado shi.

Na shiga. Tana kwance a jingine, leɓenta ya bushe, idonta ya faɗa. Ta buɗe zanen ƙirjinta kaɗan. Na ga jarirai ba iyaka a rayuwata, amma ban taɓa ganin mutum ƙarami haka ba. Kansa bai wuce lemun zaƙi ba, jijiyoyi duk a fili, ƙirjin yana sama da ƙasa da sauri. Na zagaya zare a kansa ina riƙe numfashi, na ƙulla alama.

Zanen da aka ɗaure shi ya sassauta, ita kuma ba ta da ƙarfin gyarawa. Na sa hannu ta bayanta na ɗaga ta, na ja zanen na ɗaure. Rabon da in taɓa jikinta tun tana shan nono. Sai ta riƙe mini wuyan hannu ta ce a hankali:

"Madam, in bai tsaya ba hwa?"

Ban san lokacin da sunanta ya fito daga bakina ba. Sau biyu na faɗe shi. Na ce mata ta bar wannan, aikinta ta riƙe shi da ɗumi, nawa in rufe masa kai, saura na Allah ne. Ta zuba mini ido, sannan ta fashe da kuka, ni ma na yi. Ungozomar ta ce in kuka za mu yi mu yi a hankali, muna girgiza mata yaro.

Na koma gindin bedi na warware hular nan tawa da nake taƙama da ita. Na ɗora ido arba'in a kan tsinken tsire. Sau biyu tsinke ya karye na koma wurin mutumina, har ya fara tambaya ko hular ta kusa nuna. Uwar mijin da ta ce in bari, ita ta riƙe mini ƙwallon zaren tana sako shi kaɗan-kaɗan. Kafin la'asar na gama. Hular ta zauna masa, har da ɗan sarari. Na leƙa na ce masa: "Kai angon nawa, haka za ka zo mani, babu ko nama a jiki, sai ƙamshin tsire a ka?" Ranar ce na fara jin dariyar uwarsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin tunawa. Wata rana ya kama nono, wata rana ya ƙi, sai a matsa a ba shi da ɗan cokali. An yi suna ba taro, mahaifinsa ya yanka rago a ƙauye aka aiko mana da labari. Na saƙa hula ta biyu, ita ma ido arba'in, don a riƙa wanke ɗaya. Kowace safiya in zan sauya masa sai in zura ɗan yatsana tsakanin hula da kai, sararin nan yana nan yadda yake. Ba na faɗa wa kowa, amma kullum gabana sai ya faɗi.

Da aka sallame su muka taho da su Tasawa. Ta ci gaba da goyonsa a ƙirji, mata masu zuwa barka suna ta mamaki, wata har ta ce ko ba a koya mata goyo ba ne. Na ce likita ya ce, wadda ta fi likita sani ta zo ta karɓa. Sauya hula kuma na bar wa uwarsa, don na gaji da abin da yatsana yake gaya mini.

Wata hantsi ina tsakar gida ina warware wata rigar bosho, ta fito daga ɗaki da shi a ƙirji, hular a hannunta, fuska a murtuke.

"Madam, hular ga taki ta lalace. Tun ɗazu nika hwama, ta ƙi shiga."

Nan take raina ya ɓaci. Na ce saƙata ba ta lalacewa, sai dai in an lalata ta. Da ruwan zafi kika wanke ko? Sau nawa zan faɗa, ruwan zafi yana tsuke zare! Ta rantse da ruwan randa ta wanke. Na ce a ɗauko ɗayar. Ita ma ta ƙi, ta tsaya masa a tsakar ka, kunnuwa a waje. Na fizge ta ina mita, na shimfiɗa a gwiwa, na ƙirga: arba'in. Na haɗa ta da 'yar'uwarta, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, babu inda ta tsuke.

Na ɗaga kai na dubi yaron. Kumatu sun fito, wuya ya yi ninki, yana ta harbin iska yana tsala ihu saboda an bar masa kai a buɗe. Uwarsa ta bi idona, ta dube shi, ta sa hannu ta rufe baki.

Mai gidana ya leƙo daga zaure yana tambayar me ya faru, ya ji ihu. Uwar yaron ce ta ce masa, tana dariya hawaye na zuba:

"Baba, kan shi ya hi ƙarhin hula."

Na goge idona da bakin zane, na ce ta rufe shi da mayafi kafin iska ta taɓa shi, ta miƙo mini jakata. Na zauna na ɗora ido hamsin da biyu.